Ƙashi da rashin rana: shawara ga sababbin zuwa Birtaniya

Wanda ya sauka a Manchesta ko Bamingham cikin watan Oktoba, abin da ke ransa bai wuce rigar sanyi da kuɗin haya ba. Ba mai tuna ƙashin jikinsa. To, ni zancen ƙashin zan yi muku, musamman mata, da masu shirin ɗauko Hajiya ta zo zaman jego.

Akwai ciwon da likitocin nan ke kira ostiyoforosis, wato zaizayewar ƙashi. Kamar azarar da gara ta ci ne: daga waje lafiya lau, ciki kuwa duk ramuka. Hukumar lafiya ta NHS ta ce fiye da mutum miliyan 3 ke ɗauke da shi a ƙasar nan, kuma duk shekara ana kai sama da mutum 500,000 asibiti da karayar da ɗan tuntuɓe ko santsin banɗaki ya jawo. Cikin matan da suka haura shekara 50, kusan rabi za su karye saboda shi, maza kuwa 1 cikin 5. An fi karyewa a wuyan hannu, ƙugu da ƙashin baya. Ciwon ba ya zafi, ba ya zazzaɓi, sai ranar da aka faɗi. Tsohuwar da ta ranƙwafa muna cewa tsufa ne, sau da yawa ƙasusuwan bayanta ne suka lotse ɗaya bayan ɗaya.

Za ku ji ana cewa ƙashin baƙar fata ya fi ƙwari. Da ƙamshin gaskiya a ciki, amma kada ku saki jiki, domin matsalarmu a nan rana ce. Jiki yana haɗa bitamin D ne idan rana ta taɓa fata, kuma in babu shi, hanji ba ya iya tsotse kalsiyam ɗin da ke gina ƙashi yadda ya kamata. A Kano ko Damagaram ba a neman rana, gudunta ake yi. A nan kuwa, daga Oktoba zuwa Maris ranar da ke leƙowa ba ta da ƙarfin yin wannan aiki ko a jikin Bature, balle mu da duhun fatarmu ke tare haskenta. Sai ka haɗa da hijabi, da wunin cikin gida, da aikin dare.

Shi ya sa NHS ke ba kowa shawarar shan maikurogiram 10 na bitamin D kullum a lokacin sanyi, masu duhun fata da masu rufe jiki kuwa duk shekara. Ana samunsa a kowane kemis da manyan kantuna ba tare da takardar likita ba, kuma ba tsada. Ku dai duba bayan kwalin, don wasu ƙwayoyin masu taushi da jelatin ake naɗe su, wanda ake yi da fata ko ƙashin dabba, har da alade. Akwai na halal, akwai na ɗigawa a baki. Kada kuma a yi masa shan ganganci, fiye da maikurogiram 100 a rana yana iya cutarwa.

Kalsiyam ba ya wuyar samu. Baligi na buƙatar miligiram 700 a rana: madara, cuku, yogot a madadin kindirmo, sadin na gwangwani da ƙayarsa. Kuka da zogalen da aka ƙullo muku daga gida ma suna taimakawa. Kifin taitus da kuka sani, shi ne makarel ɗinsu, yana da bitamin D. Madarar nan dai yawanci ba a zuba mata shi.

Ku yi rajista da likitan unguwa, wato GP, tun ba ku kwanta ba, kyauta ne. Macen da al'adarta ta ɗauke kafin shekara 45, da wanda ya yi fiye da wata 3 yana shan maganin siteroyid, mai kwantar da kumburi, da wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ta taɓa karaya a ƙugu, su faɗa wa likita da bakinsu. Yana iya tura su hoton DEXA, mai auna kaurin ƙashi cikin 'yan mintuna.

In Hajiya za ta zo cikin hunturu, kafin a saya mata komai a saya mata takalmi mai kama ƙasa. Da sassafe raɓa na daskarewa a kan hanya ido bai gani, silifas ɗin da ta saba yawo da shi a tsakar gida ba zai riƙe ta ba.