Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sayen Tsohuwar Na'urar Sauraro Domin Juye Faya-fayan CD

Har yanzu akwai gidaje da dama a birnin Kano da ke ajiye da kwalaye cike da faya-fayan CD: karatun Alƙur'ani, tafsirin watan azumi na shekaru daban-daban, waƙoƙin makaɗan gargajiya da na Indiya, waɗanda aka tara tun lokacin da cinikin faifai ke tashe a Ƙofar Wambai da Sabon Gari. Da yake na'urorin kunna faifan sun yi ƙaranci, kuma yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da wurin saka shi, masu wannan dukiya sukan yanke shawarar juye ta cikin wata ƙaramar na'ura da za ta shiga aljihu, wadda kira ko saƙo ba zai katse wa mutum sauraro ba kamar yadda waya ke yi. Daga nan ne ake shiga neman iPod classic ko ire-irenta ta hannu, wato masu faifan ajiya mai juyawa a ciki, wanda masu gyara ke kira had-dis. Shawarar ba ta da aibi, amma akwai wuraren da ake yawan yin tuntuɓe, kuma galibinsu tun kafin a je kasuwa ake yin su.

Babban kuskuren shi ne a fara da tambayar girman na'ura kafin a san girman abin da za a zuba mata. Lissafin kuwa ba shi da wuya. Sautin faifan CD na asali yana tafiya ne a kan kilobit 1,411 a kowane sakan, wato kimanin MB 10 a minti ɗaya, ko MB 635 a awa ɗaya idan an juye shi ɗanye a tsarin WAV. Idan aka matse shi zuwa MP3 ko AAC mai kilobit 128, awa ɗaya ba ta wuce MB 58 ba. A kan 256 kuwa takan kai MB 115. A kan 320 kimanin MB 144. Tsarin da ke matse sauti ba tare da zubar da komai ba, kamar FLAC da Apple Lossless, yakan rage girman zuwa tsakanin rabi da kashi biyu bisa uku na asali. Saboda haka, wanda yake da faifai 200, kowanne mai awa guda, yana buƙatar kimanin GB 127 idan ya bar su ɗanye, GB 23 idan ya zaɓi 256, ko kuma ƙasa da GB 12 a kan 128. Faya-fayan ba su sauya ba, amma buƙatar ta ninku fiye da sau goma daga wannan zaɓi zuwa wancan. Wanda bai yi wannan lissafi a takarda ba, ko dai ya biya kuɗin GB 160 alhali 30 ta ishe shi har da rara, ko kuma ya sayi ƙarama ta cika yana tsakiyar aiki.

Wasu kuma sukan dogara da adadin waƙoƙin da kamfani ya yi talla da shi. Apple ya ce mai GB 160 tana ɗaukar waƙoƙi 40,000, mai GB 80 kuma 20,000, amma an gina wannan lissafi ne a kan waƙa mai minti huɗu a kilobit 128. Abin da muke saurare a nan bai cika bin wannan ma'auni ba: waƙar makaɗin gargajiya guda ɗaya tana iya cin minti ashirin, zaman tafsiri ɗaya kuma ya haura awa. Don haka a ƙirga awanni, a bar ƙirga waƙoƙi. A kuma tuna cewa lambar da ke jikin na'ura ba ita kwamfuta ke nunawa ba, domin kamfani yana ƙirga giga ɗaya a matsayin bayit biliyan ɗaya cif, kwamfuta kuwa tana ƙirgawa da 1,024. Mai 160 takan nuna kusan 149, mai 80 kusan 74, mai 30 kusan 28. Wannan ba ha'incin mai sayarwa ba ne, kuma bai kamata a tayar da jijiyar wuya a kansa a shago ba.

Kuskuren da ya fi shafar mu a Kano shi ne ɗaukar kowane faifai a matsayin faifan sauti na asali. Da yawa daga cikin abin da aka sayar a kasuwanninmu faifan MP3 ne, wanda aka cusa wa awanni goma ko fiye a guda ɗaya, wasu kuma VCD ne. Gane su ba shi da wahala: idan faifai ɗaya yana ɗauke da abin da ya wuce minti 80, to ba faifan sauti na asali ba ne, kuma idan aka buɗe shi a kwamfuta za a ga fayiloli a jere da girmansu. Faifan MP3 kwafe shi kawai ake yi yadda yake. Mutane sukan sake matse shi zuwa wani tsarin, ko su ɗaga shi zuwa 320 da tunanin za su ƙara masa kyau, alhali abin da aka zubar a matsin farko ba ya dawowa, matsi na biyu kuma ƙara lalata shi yake yi. Haka nan, akwai faya-fayan da asalinsu kaset ne aka juye, da ƙarar iskar kaset ɗin da komai. Ajiye irin wannan a WAV kamar hayar tirela ce domin ɗaukar buhun gero guda. Ga magana zalla, irin wa'azi ko darasi, kilobit 64 a layin sauti ɗaya ya wadatar, kuma awa ɗaya ba ta kai MB 30 ba, ta yadda tafsirin wata guda cur, a kan awa ɗaya da rabi kullum, bai kai giga ɗaya da rabi ba. Karatun Alƙur'ani mai tsabtar ɗauka ya cancanci 128 ko sama da haka, faifan kiɗa na asali kuma a ba shi 256.

A ɗaya ɓangaren kuma akwai masu juye komai a FLAC saboda sun ji an ce shi ne mafi inganci, sai bayan sun gama su tarar iPod ba ta karanta shi da manhajarta ta asali. Abin da take karantawa ya haɗa da MP3, AAC, Apple Lossless, WAV da AIFF. Gyaran yana da sauƙi: a mayar da FLAC ɗin Apple Lossless, wanda ba ya rage komai, ko a ɗora wa na'urar manhajar Rockbox, wadda ke karanta FLAC, ga wanda ya saba da irin wannan aiki.

A ganina, mafi haɗarin kurakuran shi ne mayar da na'urar ita kaɗai ce ma'ajiya. Mutum ya juye faya-fayansa, ya tura su cikinta, ya goge na kwamfuta domin samun fili, wani ma ya kyautar da faya-fayan. Ya kamata a tuna shekarun wannan kaya. IPod ta farko ta fito a 2001 da GB 5, mai bidiyo ta fito a 2005, classic a 2007, kuma Apple ya daina ƙera ta a watan Satumba na 2014. Ke nan mafi ƙuruciyarsu ta haura shekara goma, a cikinta kuma akwai faifai mai inci 1.8 da ke juyawa, da allura mai shawagi dab da shi, wadda faɗuwa ɗaya a kan siminti tana iya kashe ta. Ƙari a kan haka, iTunes, wato manhajar Apple da ake tura waƙa cikin iPod da ita, yakan ɗaura na'urar da kwamfuta ɗaya. Idan aka kai ta wurin masu tura waƙa aka jona a wata kwamfutar, sannan aka amince da tambayar da ta bayyana ba tare da an karanta ba, za a share abin da ke ciki a maye shi da na can. Hanyar da ta dace ita ce a juye faifan sau ɗaya da mafi kyawun inganci, a kunna zaɓin gyara kurakuran karatu da ke cikin iTunes ko a yi amfani da manhajar Exact Audio Copy saboda faya-fayan da suka karce, a ajiye wannan uwar kwafi a had-dis na waje, sannan a fitar da ƙaramin kwafi domin na'urar. Kuɗin wannan had-dis na waje yana cikin kuɗin sayen na'urar, kuma wanda bai sa shi a lissafi ba bai gama lissafi ba.

Idan aka zo ga saye kuwa, ko a Farm Centre ne, ko a Beirut Road, ko a hannun wani da ya kawo kaya daga waje, abin da ke yaudarar mutane shi ne kyawun jiki. Bayan na'urar ƙarfe ne mai sheƙi da aka zana girmanta a jiki, amma ana sayar da wannan murfi daban, kuma ana iya ɗaura mai rubutun 160 a kan mai 80. A shiga Settings, a buɗe About, a ga abin da ita kanta na'urar ta faɗa. Sannan a kara ta a kunne yayin da ake tsallake waƙoƙi da sauri ɗaya bayan ɗaya. Lafiyayyen had-dis yakan yi ɗan zuuu na tashi, ya yi 'yar ƙara kaɗan ya yi shiru. Wanda ya kusa mutuwa kuwa yakan riƙa yin ƙas, ƙas, ƙas a jere, allon ya tsaya cak na wasu sakanni, ko waƙa ta yanke a tsakiya ta wuce ta gaba da kanta. Jan alamar X a allo, ko hoton na'ura mai ɓacin fuska a tsofaffin, alama ce ta matsala a cikin kayan, kuma kada a karɓi maganar “Alhaji, caji ne kawai babu, ka je gida ka jona ta.” Idan caji ne, a jona ta a shagon a jira.

Akwai gwajin da ya fi wannan tabbaci, wanda ƙalilan ne ke yin sa. A iPod classic, a danne Menu da maɓallin tsakiya tare har ta mutu ta taso, da zarar tambarin Apple ya bayyana a danne maɓallin tsakiya da na komawa baya, sai ta shiga shafin binciken lafiyarta. A ƙarƙashin IO akwai HardDrive, a ciki kuma akwai HDSMARTData, inda za a ga awannin da faifan ya yi yana aiki, da layuka biyu masu muhimmanci, Reallocs da Pending Sectors, waɗanda ke nuna wuraren da suka lalace a jikin faifan da waɗanda ake shakkarsu. Sifili ake so a gani a duka biyun, musamman na biyun. Idan lambobin sun kai ɗaruruwa, to a yi ciniki a kan cewa za a sauya faifan, ko a haƙura. Mai kayan da ya hana a yi wannan gwaji na minti biyu ya riga ya ba da amsa. A gwada kuma ramin iyafis ta hanyar ɗan juya kan wayar a ciki, domin yakan saki har sauti ya koma kunne ɗaya, a kuma tabbatar kwamfuta tana ganin na'urar. Wadda aka tsara a kan kwamfutar Mac ta Apple, Windows ba ta karanta ta sai an sake mata tsari, kuma yin hakan yana share duk abin da ke ciki.

Batun batir ba ya buƙatar dogon bayani, domin batirin da ya shekara goma ya gaji, komai abin da mai sayarwa zai ce, kuma a sa kuɗin sabo a cikin ciniki tun farko. Abin lura shi ne kumburi: baƙin tabo a allo, ko murfin da ya ɗan buɗe ta gefe, yana iya nufin batirin ya kumbura yana tura kayan ciki, kuma irin wannan ba a ci gaba da yi masa caji. Apple ya ƙayyade zafin aikin na'urar tsakanin digiri 0 da 35, alhali a bazarar Kano, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura 40 a inuwa ma, balle a cikin motar da aka rufe a rana. A sani kuma cewa mai bidiyo ta 2005 da 2006, mai fuskar roba, ta fi sauƙin buɗewa. Classic mai fuskar alminiyam kuwa an riƙe ta da maƙalan ƙarfe masu tauri, kuma mai gyaran da bai saba da ita ba yakan lanƙwasa murfin.

Arha ma takan ja mutum ga abin da ba zai iya amfani da shi ba. IPod ta farko da ta biyu da FireWire kaɗai suke aiki, ta uku kuma ba ta yin caji ta USB, mahaɗar FireWire kuwa ta ɓace daga kwamfutocin yau. Zune, na'urar sauraro ta Microsoft, wadda aka fara a 2006 aka daina a 2011, ba ta karɓar waƙa sai ta manhajarta, wadda kamfanin ya daɗe da yin watsi da ita. Wanda ba ya son wahala ya tsaya daga samfurin 2005 zuwa sama.

Wani abin da ake rainawa har sai ya zama ciwon kai shi ne sunaye. Faifan da aka buga a Turai ko Amurka, iTunes yakan samo sunayen waƙoƙinsa ta intanet, amma wanda aka ƙona a wani shago a Kano da wuya a same shi a wannan rumbu, don haka komai zai fito da suna Track 01, Track 02. IPod kuwa ba ta bin folda; da bayanan da ke cikin fayil take jera kaya. Wanda ya juye faifai ɗari ba tare da ya rubuta suna ba zai tarar da Track 01 guda ɗari a jere. A rubuta sunan malami ko makaɗi, da shekara, da lambar zama tun lokacin da faifan ke hannu, a sa sifili a gaban lambobi daga 01 zuwa 09 domin jerin ya miƙe, a kuma tsaya a kan rubutu ɗaya ga kowane suna, domin harafi ɗaya da ya bambanta yakan raba mutum guda zuwa biyu. Kafin a cika sunaye da ƙ da ɗ da ɓ, a gwada fayil ɗaya tukuna, tunda ba kowace tsohuwar na'ura ce ke nuna su ba.

Wanda ya samu na'ura mai lafiyar allo da sauti amma faifanta ya mutu, bai kamata ya yar da ita ba, domin akwai 'yar mahaɗa, irin ta iFlash, da ake sa wa a gurbin had-dis ta karɓi katin memori, kuma hakan yana rage cin batir da tsoron faɗuwa. Sai dai classic ta 2007 da ta 2008, wato mai 80, da mai 160 mai kauri, da mai 120, ba sa ganin abin da ya wuce GB 128 a katin da manhajarsu ta asali, yayin da siririyar mai 160 ta 2009 ba ta da wannan iyaka. A kuma gwada katin a kwamfuta kafin a rufe na'urar, a cika shi da fayiloli har baki sannan a sake buɗe su, domin jabun katin da aka rubuta wa 256 yana iya karɓar kaya ba tare da ƙorafi ba, alhali abin da ya wuce ainihin girmansa ba ya zama a ciki.