Yadda Ake Haɗa Gas Na Girki A Gida Ba Tare Da Yoyo Ba

Haɗa murhun gas da ja wa gidaje bututu ita ce sana'ata, kuma abin da na fi yi wa masu gida naci a kai shi ne a fitar da tukunyar gas ɗin waje. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi. In ya zubo ba ya tashi ya fice ta taga, ƙasa yake kwantawa, ya bi gindin bango ya taru a ƙarƙashin kanta yana jiran ƙyastu ɗaya. Saboda haka a samar wa tukunyar wuri a bayan kicin, mai inuwa, inda iska ke ratsawa, nesa da janareta da bakin magudanar ruwa. A tsaye za ta zauna, ko 'yar kilo 6 ce ko mai kilo 12.5 ko 50. In ana tsoron ɓarayi, kejin ƙarfe da kwaɗo sun wadatar.

Daga can zuwa murhu bututun jan ƙarfe ake ja, a sa masa riga a inda ya ratsa bango, a sa makullin rufe gas kusa da mai girki. Wannan aikin gwani ne, a kira shi. Tiyon roba na ƙarshe ne kawai, kada ya wuce mita 2.

A kan tiyon nan nake son a tsaya. Na gas daban, na ban-ruwa daban, ko da sun yi kama a kasuwa. Na gaske akwai rubutu a jikinsa, har da shekarar da aka yi shi. Kowane wata ki lanƙwasa shi da hannu, Hajiya, ki duba a haske. In kin ga ƙananan tsage-tsage, ko ya yi tauri, ko ɓera ya ɗan gatsa shi a bayan murhu inda mai ke ɗiga, a canza shi a ranar. Ba a naɗe shi da salatif. Kuma kowane baki a ɗaure shi da kilif na ƙarfe mai noti, a matse da sukundireba. Nakan iske an ɗaure da waya ko tsumma a gidan da yara ke rarrafe, abin yana tayar min da hankali ƙwarai.

Regileta kuwa, wato abin da ake ɗorawa a bakin tukunya don daidaita ƙarfin gas, ta murhun gida za a saya, mai sakin gas a hankali, ba irin ta masu abincin sayarwa ba. Kafin a ɗora ta a leƙa bakin tukunyar: akwai wata 'yar baƙar roba a ciki. In ta tsage ko ta faɗi a wurin ɗura, gas zai riƙa tsiyaya komai kyan regiletar.

An gama haɗawa, sai gwaji. A kaɗa sabulu a ruwa ya yi kumfa, a buɗe gas murhu na kashe, a shafa da soso a duk wata mahaɗa. Inda kumfa ke kumbura tana fashewa, nan yoyon yake. Da ashana ba a gwaji, har abada.

Warin nan mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai da gangan ake zuba shi don hanci ya gane yoyo. Da an ji shi, a rufe gas daga kan tukunya, a buɗe ƙofa da tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki ko don kashewa ne, a fitar da kowa, sannan a yi waya daga waje.

Wutar murhu shuɗiya ya kamata ta zama. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunyar miya, ramukan kan murhun sun toshe; a bari ya huce, a wanke, a tsokane su da allura. Irin wannan wutar tana fitar da guba marar wari, shi ya sa nake roƙon jama'a kada a kunna murhun gas a rufaffen ɗaki don jin ɗumi lokacin hunturu.

Wurin ɗura kuma a tsaya a ga sikeli. Nauyin tukunyar wofi yana rubuce a jikinta, kuma ba a cika ta maƙil, wajen kashi 80 cikin 100 ake tsayawa saboda gas yana kumbura da zafi. Wadda tsatsa ta ci wa gindi ko ta loɓa, a daina amfani da ita.