Yadda Ake Gane Hannun Baƙi a Kayan Azurfar Daular Tang

Mai son gane tasirin baƙi a kayan azurfar ƙasar Sin na zamanin daular Tang (618 zuwa 907) ya fara da duba yadda aka ƙera kayan. Tsofaffin maƙeran Sin sun yi fice ne wajen zubin tagulla, alhali maƙeran Farisa da na Sogdiya, wato yankin Samarƙand da Bukhara, bugun azurfa suke yi da guduma har ta zama siririn falle, sannan su lanƙwasa ta. Idan jikin kwano siriri ne, kuma zanensa ya taso saboda an turo shi daga baya, to wannan dabara ce da ta yaɗu ta hanyar fataken siliki.

Sai a koma kan siffa, domin ita ce shaidar da ta fi ƙarfi. Kofin da ke da ɗan mariƙi kamar zobe, da faffaɗan wurin ɗora babban yatsa a samansa, salon Sogdiyawa ne, musamman idan jikinsa mai fuska takwas ne. Dogon kwano mai tsaga-tsaga na Farisawan daular Sasan ne, kofi mai dogon gindi kuma ana danganta shi da Rumawa.

Inda ake buƙatar natsuwa shi ne rarrabe kayan da aka shigo da su da waɗanda aka ƙera a Sin bisa kwaikwayo, kuma a nan zane ne ke raba gardama. Butar azurfa mai ruwan zinariya da aka tono a 1983 a Guyuan da ke arewa maso yammacin Sin, daga kabarin wani janar mai suna Li Xian wanda ya rasu a 569, tun kafin zuwan Tang, tana ɗauke da mutane cikin suturar Girkawa, don haka baƙuwa ce daga kai har gindi. Amma a taskar Hejiacun da aka gano a birnin Xi'an a 1970, akwai kofin azurfa mai tsaga takwas da mariƙin Sogdiyawa, wanda aka zana wa matan Tang da mahaya suna farauta. A ganina irin wannan kofi ya fi cancantar a daɗe a kansa, domin yana nuna maƙerin da ya ari siffa ya kuma zuba mata abin da idonsa ya saba gani.

A kawo ido kusa da filin da ke bayan zanen: za a ga ƙananan zobba cunkus da aka buga ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ake kira ƙwan kifi. Bayan tawayen da janar An Lushan ya tayar wa daular Tang a 755, siffofin baƙi sun yi ta raguwa, sai zanen furanni da tsuntsaye suka rinjaya, kamar yadda kayan da aka rufe a ƙarƙashin haikalin Buddha na Famen a 874 suka nuna.