Kurakuran da muke yi wajen yabon Allah in rayuwa ta yi zafi

Mu da muke aiki a nan Riyadh mun san yadda abin yake, ba coci, sai dai ran Jumma'a da ake hutu mu haɗu mu biyar ko shida a ɗakin ɗaya daga cikinmu, mu rage murya mu yi addu'a. A irin wannan zaman na lura da wasu kurakurai da muke ta maimaitawa.

Wanda ya fi damuna shi ne ɓoye ciwo. Akwai wata ƙanwarmu, wata uku ba a biya ta albashi ba, igamarta, wato takardar izinin zama, ta ƙare, ga mamanta kwance a asibiti can gida, amma in ka ce ya aiki sai ta ce sai godiya, in ta fara addu'a kuma daga farko har amin "Uba mun gode" ne, ta koma ɗaki ta kwana tana kuka. Ita a ganinta in ta ce wa Allah ta gaji ta yi saɓo. Ƙanwata, buɗe Zabura 13 ki gani, a ayoyi biyun farko kaɗai sau huɗu Dawuda yana tambayar Ubangiji har yaushe, sai a aya ta 5 da ta 6 ya juyo ya ce zai raira masa waƙa. Ayuba ma kafin ya yabi sunan Ubangiji a 1:21 ai sai da ya yage rigarsa, ya aske kansa, ya faɗi ƙasa. Ki fara zazzage masa abin da ke ranki tukun, sannan ki tuna masa da kanki ko shi wane ne.

Sai kuma mai da yabo ciniki. Mun ji labarin Bulus da Sila a kurkukun Filibi, Ayyukan Manzanni 16, sai mu ɗauka in mun yi waƙa dare uku dole kafil, wato wanda ya ɗauke mu aiki, ya saki fasfo. Amma su fa an yi masu bulala, ƙafafunsu na cikin turu, da tsakar dare suke waƙa ba wanda ya yi masu alkawarin girgizar ƙasa, da ƙofofi suka buɗe ma ba su gudu ba. Gyaran yana Habakuk 3:17-18, ko ɓaure bai yi toho ba, ko garke ya ƙare kaf, annabin ya ce zai yi murna da Ubangiji. Koyi sa wannan "ko da" ɗin a addu'arka.

Wasu kuma jira suke sai ransu ya yi fari. In ka sauko daga dutin dare na awa 12 ina ran zai yi fari? Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa yana godiya, har ranar da ya san an sa hannu a dokar da za ta kai shi ramin zakoki. Ware lokaci, ko minti biyar ne a cikin bas, ka ambaci abu ɗaya tak da Allah ya yi maka.

Don Allah kuma mu daina jefa wa mai makoki "ka dai gode wa Allah" tun hawayensa bai bushe ba. Romawa 12:15 cewa ta yi mu yi kuka tare da masu kuka. Ita ƙanwar tamu, Jumma'ar da ta wuce mun haɗa mata 'yan riyal ta tura gida, muka zauna da ita shiru har ta gama kukanta, ita da kanta ta ɗauko waƙar da muka rufe da ita.