Yadda Ake Sauya Tsarin Filafilin Ƙaramin Jirgin Ruwa da Ake Ja da Tirela

Yawancin ƙananan jiragen ruwa masu tafiya da iska suna fitowa daga masana'anta da tsarin Bamuda, wato dogon jigo da wayoyi ke riƙe da shi, tare da filafilai biyu masu kusurwa uku. Tsarin yana da kyau wajen tunkarar iska, amma ga wanda ke jan jirginsa da tirela, wato amalanken da ake ɗora jirgi a kai mota ta ja, akwai wahala, domin duk ranar da zai shiga ruwa sai ya tsai da jigon ya ɗaure wayoyin, in ya fito kuma ya kwance su. Shi ya sa wasu ke komawa ga filafili mai kusurwa huɗu da ke rataye a gajeren jigo marar waya, ko kuma tsarin Sinawa mai sanduna a kwance, wanda ake rage faɗinsa ta hanyar sassauta igiya ɗaya. Da tsarin Sinawan ne Blondie Hasler ya ƙetare Tekun Atalantika shi kaɗai a gasar 1960, cikin ƙaramin jirginsa Jester, ya zo na biyu. Sai dai ka san cewa galibi jirgin zai ɗan rage iya tunkarar iska bayan sauyin.

Aikin yana farawa ne a kan takarda, kuma a ganina nan ne ya fi cancantar ka daɗe. Zana jirgin ta gefe bisa ma'auni, da filafilansa na yanzu, sannan ka nemo cibiyar kowanne: ja layi daga kowace kusurwa zuwa tsakiyar gefen da ke fuskantarta, inda layukan suka haɗu nan ce cibiyar. Daga nan sai ka haɗa cibiyoyin biyu da layi, ka raba shi gwargwadon faɗin filafilan. Misali, idan babban filafilin murabba'in mita 8 ne, na gaba kuma 4, to cibiyar ƙarfin iskar tana kan kashi ɗaya bisa uku na layin, in an auna daga cibiyar babban. Saukar da layi a tsaye daga wannan ɗigo har zuwa jikin jirgin, domin shi ne zai yi maka jagora a duk abin da zai biyo baya.

Idan jirgin yana tafiya daidai da tsohon tsarinsa, wajibi ne cibiyar sabon filafilin ta faɗo kan wannan layin ko dab da shi. In ta koma baya da yawa, goshin jirgin zai riƙa juyawa cikin iska, sandar tuƙi ta yi nauyi, allon juyawa da ke cikin ruwa a bayan jirgin ya zama kamar birki. In kuma ta yi gaba da yawa, jirgin zai riƙa kauce wa iska, wannan kuwa shi ne mafi haɗari, domin idan guguwa ta taso ka saki sandar, maimakon ya juya ya tsaya sai ya ƙara gudu yana karkata. Abin da ake so shi ne ya ɗan riƙa neman iska kaɗan. Cibiyar filafili mai kusurwa huɗu ana samun ta ne ta hanyar raba shi gida biyu masu kusurwa uku, a bi lissafin da ya gabata.

Sai ka zana sabon filafilin da faɗi kusan daidai da jimillar tsofaffin, ka ɗora cibiyarsa kan layin, ka ga inda jigon ya faɗo. Sau da yawa yakan koma gaban tsohon mazauninsa, don haka ka shiga ciki da awo ka tabbatar bai sauka kan ƙofa ko tsakiyar makwanci ba.

Yanzu aka zo ga aikin kafinta, wanda ba ya son ha'inci. Jigo mai wayoyi danna jirgi yake yi zuwa ƙasa, shi kuwa marar waya duk ƙarfin iska yana tattaruwa ne a wurare biyu, inda ya ratsa rufin jirgin da inda gindinsa ya zauna. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta gaza kashi ɗaya bisa goma na tsawon jigon. Ka kauraro rufin da filawud na ruwa, ka lulluɓe shi da faiba da gam ɗin ifoksi, ka kuma haɗe shi da katangar ciki ko ginshiƙi domin nauyin ya bazu zuwa gefunan jirgin. A ƙasa ma ka gina mazauni mai faɗi, ka kulle gindin jigon da noti yadda ba zai juya ko ya fice ba ko da jirgin ya kife. Tsohon jigon ba zai yi wannan aiki ba, don an ƙera shi siriri ne bisa dogaro da wayoyi. Ana buƙatar bututun alminiyam mai kauri da ke tsukewa ta sama, ko katako mai rami a ciki, kuma a guji nauyi a can ƙololuwa, saboda ƙaramin jirgi ba ya jure masa. Mai tirela zai ji daɗi ƙwarai in ya sa wa jigon mahaɗin lanƙwasawa, wato mazauni mai ƙusa a saman rufi, wanda zai ba shi damar kwantar da shi baya shi kaɗai.

Filafilin farko ka ɗinka shi da tampol mai araha, domin da wuya a dace da siffar tun karon farko. Kada kuma ka yi hanzarin cire ƙarafunan tsohon tsarin.

Ranar gwaji ka zaɓi iska mai sauƙi, ka sa rigar ceto, ka ɗaga kai ka duba wayoyin lantarki kafin ka tsai da jigon. A kan ruwa ka sassauta riƙon sandar tuƙi ka lura da inda goshin ya nufa. Idan yana neman iska da ƙarfi, matsar da filafilin gaba a jikin jigon, in yana gudun ta kuma ka mai da shi baya, kaɗan-kaɗan, kana gwadawa bayan kowane gyara. Da ka dawo gaɓa ka binciki rufin da mazaunin jigon ko akwai tsagewa, sannan ka sake daidaita zaman jirgin a kan tirela, tunda nauyinsa ya matsa gaba.