Yadda ake tsara teburi da zagayen sili-ɗaya-ƙwale a gasar gem ta intanet

Yawancin gasannin eFootball, gem ɗin ƙwallon ƙafa, da matasa ke shiryawa a Jos, daga Anguwan Rogo zuwa Gangare, tun a matakin rukuni suke watsewa. Mutum biyu su yi kunnen doki a maki, kowa ya ce shi ya haye, ga shi babu dokar da aka rubuta.

Fara da ƙirga 'yan wasa. In kowa zai kara da kowa, mutum 16 wasa 120 ke nan, mutum 32 kuwa 496. Wa ke da kuɗin datar wannan? Raba su rukuni na mutum huɗu-huɗu, amma kada ka zuba sunaye a hula ka girgiza, don gwanaye za su iya cunkushewa wuri guda, ɗaya ya fita tun da wuri.

A nan tsarin Elo, hanyar auna ƙwarewar 'yan wasa da maki, ke da amfani. Arpad Elo ne ya ƙirƙiro shi, hukumar wasan ces (chess, darar Turawa) ta duniya, FIDE, ta ɗauke shi a 1970, FIFA ma ta koma kansa a 2018. Kowa ya fara da maki 1000. In ka sa ma'aunin 32, wato iyakar makin da za a iya samu ko rasawa a wasa ɗaya, tsara biyu suka kara, mai nasara ya samu 16, ɗayan ya rasa 16. In tazararsu 400 ce, babban ya ci ƙaramin, 3 kacal zai samu, amma in ƙaramin ya kayar da shi, 29 ne nasa. Excel a waya ya isa, ba sai ka sayi wata manhaja ba. Da jerin makin da suka tara a wasanninsu na baya za ka ba kowane rukuni gwani ɗaya.

Sai dokar da sababbin masu shirya gasa ke tsallakewa. Kafin a buga ƙwallo ko ɗaya, rubuta a zauren WhatsApp yadda za a raba gardama: sakamakon karawarsu tukuna, sannan bambancin ƙwallaye, sannan yawansu. Kada a fara da bambancin ƙwallaye, domin wanda ya cire rai yakan bari abokinsa ya zura masa goma. Wasannin ƙarshe na rukuni kuwa a buga su lokaci guda. A Gasar Kofin Duniya ta 1982, Jamus ta Yamma ta ci Austriya 1–0, sakamakon da ya haye da su duka biyun, Aljeriya da ta riga ta buga nata ta fita. Tun daga nan FIFA ta haɗa lokacin wasannin.

Batun sabis da ɗauke wuta shi ne uwa uba. In wasa ya yanke, a ɗauki hoton allo nan take, a ƙarasa ragowar mintuna da ƙwallayen da ake da su. Wanda nasa ya yanke sau biyu, ko ya yi lattin minti 15, an ci shi 3–0, ko ƙaninka ne.

In mutum 16 ne, biyu daga kowane rukuni suka haye, takwas ke nan: na 1 ya haɗu da na 8, na 4 da na 5, na 2 da na 7, na 3 da na 6. Kowace karawa wasa uku, mai cin biyu ya wuce. Wasan ƙarshe a yi shi a ɗaki ɗaya, kan intanet ɗaya, bayan sallar isha'i.