Idan Muryar Tsohon Kare Ta Canza: Yadda Za Ka Gane Abin Da Ke Damunsa

Karen da ya shekara goma yana kwana shiru, sai ga shi ya fara tashi da tsakar dare yana kuka, ko ya tsaya tsakiyar ɗaki yana haushi alhali babu baƙo babu motsi, ba sabon hali ya tsiro da shi don ya hana ka barci ba. A mafi yawan lokuta wani abu ne ya canza a jikinsa, kuma murya ce kaɗai hanyar da zai sanar da kai. Manyan karnuka kan shiga tsufa tun daga shekara 6 ko 7, ƙanana kuwa sai wajen shekara 10, saboda haka kada ka kawar da zancen tsufa don kawai kana ganin karenka da sauran ƙarfi.

Ka fara da rubutu. Ka ɗauki mako guda kana rubuta lokacin da ya yi kukan, inda yake, ko a kwance ne ko a tsaye, abin da ya faru kafin nan, da abin da ya sa ya yi shiru. Idan da hali ka ɗauki bidiyonsa da waya, domin kare da yawa idan suka shiga asibiti sai fargaba ta sa su miƙe garau kamar babu abin da ke damunsu, likitan dabbobi kuma ya rasa abin da zai kama.

Abin da ya kamata ka fara zargi shi ne ciwo, musamman ciwon gaɓɓai, wanda ya yawaita ƙwarai a tsofaffin karnuka. A nan ne na ga masu karnuka sun fi yin kuskure, domin suna jiran kare ya yi ihu kafin su yarda yana jin zafi, alhali ciwon da ya daɗe a jiki ba kasafai yake sa ihu ba. Ka tsaya ka kalli yadda yake kwanciya. Zai zagaya shimfiɗarsa sau uku ko huɗu, ya sauke ƙafafun gaba a hankali, ya ɗan dakata kamar mai shawara, sannan ya saki ƙugunsa ƙasa tare da dogon nishi. Da safe kuma sai ya tashi jiki a sandare, sai ya yi 'yan taku kafin ƙafafun su sake. Wani yana tsayawa a gindin matakala yana ƙaramin kuka, wani yana yawan lasar gaɓa ɗaya, wani kuma yana haki da dare ba tare da zafi ko gudu ba. Ciwon haƙori ma yana nan, kuma alamarsa ita ce warin baki, taunawa da gefe ɗaya, ko sakin abinci daga baki.

Idan karen da bai taɓa yi maka gurnani ba ya yi shi lokacin da ka taɓa bayansa ko ƙugunsa, kada ka doke shi, kada ka daka masa tsawa. Gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana shi gargaɗi wata rana zai yi cizo ba sanarwa. Haka nan kada tausayi ya sa ka ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen yana iya jawo masa gyambon ciki da lalacewar ƙoda, farasitamol kuma yana iya cutar da hantarsa. Akwai magungunan da aka yi don karnuka, likita ne zai zaɓa bayan ya gwada jininsa. Naka aikin shi ne ka sa masa katifa mai kauri a wurin da babu sanyin ƙasa, ka shimfiɗa abin da zai hana santsi a hanyoyin da yake bi, ka yanke masa farce, ka kuma rage masa ƙiba idan ya yi nauyi, domin kowane kilo na ƙari gaɓɓansa ne ke ɗauka.

Raunin ji da gani su ma suna canza murya. Karen da ya fara kurumcewa yakan ɗaga haushi fiye da da, yakan kuma firgita idan aka taɓa shi yana barci. Ka gwada tafa hannu daga bayansa lokacin da hankalinsa yake wani wuri, ka ga ko kunnuwansa za su motsa. Idan ji ya ragu, ka riƙa tunkararsa ta gaba, ka buga ƙafa a ƙasa ya ji girgiza kafin ka taɓa shi, ka koya masa alamun hannu tun idonsa yana gani. Wanda gani ya yi wa rauni kuwa, ka bar masa ƙaramar fitila da dare, kuma kada ka riƙa canza wa kujeru da kwanon ruwansa wuri, domin da taswirar da ke kansa yake tafiya.

Akwai canjin da ba a jira da shi. Idan haushinsa ya dishe, numfashinsa kuma yana ƙara mai kaushi lokacin da yake shaƙar iska, yana iya zama shanyewar maƙogwaro, wadda aka fi gani a manyan karnuka irin Labrador. Irin wannan kare zafi yana iya halaka shi, don haka a cire masa igiyar wuya a koma ɗamarar ƙirji, a daina fita da shi cikin rana, a kai shi likita. Ka saba da ƙirga numfashinsa yana barci. Idan yana wuce 30 a minti ɗaya a kai a kai, a duba zuciyarsa da huhunsa. Harshe ya koma shuɗi, ko ciki ya kumbura yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, wannan na gaggawa ne ko da tsakar dare.

Kukan bakin ƙofa da dare sau da yawa fitsari ne kawai. Ka auna ruwan da yake sha a yini. Idan ya haura mililita 100 a kowane kilo na nauyinsa, wato lita 2 ga kare mai kilo 20, a gwada shi ciwon suga da ciwon ƙoda. Kada ka rage masa ruwa don ka samu barci.

Sai an kawar da duk waɗannan ne ake maganar gigin tsufa, wanda yake kama da cutar mantuwa a jikin mutane. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2001 ya samu alamunsa a kashi 28 cikin 100 na karnuka masu shekara 11 zuwa 12, da kashi 68 na masu shekara 15 zuwa 16. Kare zai shiga lungu ya kasa juyowa, ya tsaya ta gefen da ƙofa ba ta buɗewa, ya yini yana barci ya kwana yana zarya, yana wani haushi mai sauti ɗaya da ba ya nufin kowa. Ba ya warkewa, amma ana sassauta shi. Likita na iya rubuta maganin selegiline ko ya canza masa abinci. Kai kuma ka tsayar masa da lokacin ci, fita da kwanciya, ka fitar da shi ya ga hasken safiya, ka bar shi ya yi ta shinshine-shinshine a gajeriyar tafiya, domin hanci yakan daɗe yana aiki bayan ido da kunne sun gaza.

Wasu na tsoron cewa lallashi zai sangarta shi. Ni ban yarda da wannan ba ga karen da ya farka cikin duhu bai san inda yake ba. Ka matso da shimfiɗarsa kusa da inda kake kwana, ka ajiye masa tsohuwar rigarka mai ƙamshin jikinka, ka fitar da shi fitsari dab da kwanciya. Idan ya tashi yana kuka, ka kunna fitila, ka bari ya shinshina hannunka, ka raka shi waje ko ya koma shimfiɗarsa, ka ɗora tafin hannunka a kafaɗarsa har numfashinsa ya daidaita. Da safe ka rubuta lokacin a takardarka, ka tafi da ita wajen likita a dubawar da ya kamata a riƙa yi masa duk wata shida.